Tsabtar da Ta Kashe Kunkurun Matata

Assalamu alaikum. Ina roƙon mujallarku ta ba ni ɗan wuri in faɗi abin da ya same ni, ko Allah zai sa wani ya amfana. A lokacin da abin ya faru ni dattijo ne a wani gari kusa da Dungas. Da damina ina noman gero da gyaɗa, da rani kuma ina zama a zaure ina karantar da magidanta babin tsarki da salla. Ban shiga lakwal, wato makarantar gwamnati, ba, da ajami na tashi, boko sai da girma na koya. Abin da aka fi sanina da shi a garinmu shi ne sha'anin ruwa. Idan akuya ta faɗa rijiya, ko ɓera ya mutu a randa, wurina ake zuwa. Nakan ce a duba launi, a duba ɗanɗano, a duba wari, in babu wanda ya canza to ruwa yana nan da tsarkinsa. Na daɗe ina ba da wannan amsa ana gamsuwa, har na ɗauka a raina babu wani abu da ya shafi ruwa wanda ya ɓuya mini.

Matata, uwar 'ya'yana, mace ce mai kazar-kazar da yawan raha, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Wata rana tana tankaɗe sai ta faɗi. Muka kai ta likita a Magariya, aka ce ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Allah ya bar mata baki da hankali, amma ƙafa da hannu suka ƙi. Muka dawo gida ta kwanta a ɗaki. Da farko mata suna cika ɗakin da dubiya, daga baya kowa ya koma ga hidimarsa, kamar yadda aka saba. Sai ta fara yin shiru. Za a kai mata fura ta kurɓa kaɗan ta ture, ta juya fuska bango. Na yi mata rubutu, na yi mata addu'a, amma ina gani tana dusashewa, na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Babban ɗanmu yana kasuwancin atamfa a Kano. Da ya zo duba ta sai ga shi da wani akwatin gilashi a naɗe cikin bargo, da kwali cike da wayoyi, da ɗan bokiti mai kunkurun ruwa guda biyu, kowanne bai kai tafin hannu ba. Ya ce yana tuna yadda take ba su labarin ƙuruciyarta a Kwaya, tana zuwa bakin tafki kallon irinsu. Ya wuni yana haɗawa. Ya zuba ruwa, ya jera duwatsu a gefe ɗaya har suka fito saman ruwan don su riƙa hawa. Ya manna wani ɗan inji a jikin gilashin, mai soso a ciki, yana tsotsar ruwan yana maido shi. A saman duwatsun ya rataya fitila mai wani irin ampul, wato ƙwan lantarki, ya jona komai da batir ɗin fanon sola da ya taɓa sa mana a kan rufi. Maƙwabcina, wanda muke wasa da shi tun muna samari, ya leƙo ya ce yau Malam ya shiga kiwon da ba a yankawa ba a tatsa, ya tambaya ko ranar salla da su za mu yi layya. Matata ta ce masa in ya ga dama ya kawo ragonsa a yi musaya, ba za ta yarda ba. Ranar na fara jin dariyarta tun da ta kwanta.

Kafin ya koma, yaron ya durƙusa ya yi mini bayani. Ya ce Baba, soson nan kada a wanke shi da sabuni, kada a wanke shi da sabon ruwa. In ya toshe, a ɗebi ruwan akwatin a kwano a ɗan matse shi a ciki a mayar. Ya ce kada a juye ruwan duka lokaci ɗaya, a rage kaɗan a ƙara kaɗan. Injin kada a kashe shi. Ampul ɗin kuma na musamman ne, shi ne madadin hasken rana gare su, in ya mutu a kira shi ya aiko da wani. Ina zaune ina jan carbi, ban ɗaga kai ba. Masu karatu sun san al'adarmu da ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na doguwar magana da shi, bare a ce shi ne yake koya mini. Na ce masa to, Allah ya yi albarka. A raina kuwa ina mamakin yaron da aka haifa a gabana yana ce mini a wanke ƙazanta da ruwan ƙazanta.

Watannin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ta sa aka matso da gadonta kusa da akwatin. Da hannunta mai lafiya take jefa musu abinci. Ta gane halin kowanne: babban mai haɗama ne, ƙaramin kuma mai kunya, sai kowa ya kau da ido yake ci. Takan ce mai haɗamar ya ɗauko dangina, mai kunyar nata dangin. Idan suka hau dutse suka miƙe wuya da ƙafafu a ƙarƙashin fitila, sai ta kira ni ta ce Malam zo ka ga masu sarauta suna shan hantsi. Ta koma cin abinci. Jikoki suka dawo ɗakin, mata ma suka dawo, don yanzu akwai abin kallo da abin hira.

Wata Alhamis na buɗe injin na ga soson ya yi baƙi-baƙi, da yauƙi, da ɗan wari kamar na bakin tafki. Raina ya ɓaci. A ɗakin nan take salla a kwance, a nan nake zama in yi mata karatu, ga kuma wannan abu a kusa da kanta. Na fitar da kunkurun na sa su a roba, na juye ruwan kaf, na wanke gilashin da duwatsun. Soson na saɓa shi da sabuni har ya koma fari kamar sabo. Na cika akwatin da ruwan rijiya mai sanyi, na ɗiga masa jabel kaɗan, ruwan nan na wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, irin yadda ma'aikatan lafiya suka koya mana a lokacin ciwon gudawa. Ruwan ya fito garau, kana ganin kowane dutse. Ta ce Malam, ba haka yaron nan ya ce ba. Na ce mata yaron nan ya san awon atamfa, ni kuma na san ruwa. Daga nan na mayar da shi aikina na kowace Alhamis, ina yi da niyyar lada. Ƙugin injin kuma yana damuna in ina wuridi, sai in zare wayarsa, sau da yawa in manta ban mayar ba sai washegari.

Ana cikin haka ampul ɗin ya mutu. Ta ce a kira Kano. Na ce ba zan ɗaga wa yaro hankali a kan fitila ba, mai yiwuwa ma 'yan kasuwa ne suka yi masa wayo suka ce na musamman ne. Ranar kasuwar Dungas na hau kabu-kabu na sayo farin ampul irin wanda muke sawa a zaure. Ya fi na farkon haske nesa, na yi ta alfahari da shi. Ban lura cewa ba ya da ɗumi ko kaɗan ba. Kunkurun suka hau dutse kwana kaɗan, suka ga ba abin da suke samu, suka daina hawa.

Sannu a hankali abin ya fito. Mai haɗamar ya daina rububin abinci. Idanun su biyun suka kumbura suka rufe. Ita ce ta fara taɓa ƙoƙon bayan ƙaramin ta ce ya yi laushi, yana lotsawa kamar ɗanyar ƙwarya. Ta roƙe ni in kira yaron, ta ce in ba zan iya ba in ba ta wayar ta yi magana da kanta. Na ce ciwo daga Allah yake, dabba ma tana da ajalinta. Na duba ruwan, launi bai canza ba, wari babu, har ɗanɗanawa na yi. Sai na yanke cewa tsabtar ce ba ta isa ba, na koma wankewa sau biyu a mako, na ƙara jabel. Wannan shi ne abin da har yau ya fi damuna in na tuna. Tana kwance tana kallona ina nannaɗe hannun riga, ba ta da ƙafar da za ta tashi ta hana ni.

Da ƙaramin ya mutu, na sa babban a bokiti na tafi Magariya wurin likitan dabbobi. Ya ce shi aikinsa shanu da awaki ne, amma ya san kaɗan. Ya tambaye ni yadda nake yi, na faɗa masa ina sa ran yabo. Sai ya ce Baba, wannan yauƙin da kake wankewa wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, su suke cinye dafin da ke fita daga kashin kunkurun. Duk ranar da ka saɓa soson ka kashe su, duk ranar da ka kashe injin ka shaƙe su, sai dafin ya taru a ruwa alhali ruwan yana fari tas. Jabel kuma shi ya ƙone musu ido. Game da fitilar ya ce akwai wani abu a hasken rana da ke ƙarfafa ƙashi da ƙoƙon baya, ampul na farko yana ba da shi, na zaure ba ya da shi. Ya ce ko fitilar babu, da ina fitar da su tsakar gida da hantsi a baho mai ruwa kaɗan, da ɗan wurin inuwa, da ya wadatar. Na fito na tsaya a ƙofar ofishin, rana tana dukan ƙeyata, ita ranar da muke gudunta muna neman inuwa kullum, kyauta, ta cika gari.

Na dawo na yi duk yadda ya ce. Na fitar da shi hantsi, na ɗauko ta ita ma na zaunar a tabarma kusa da bahon. Ya ɗan miƙe wuya a ranar farko, har ta yi murmushi. Amma bai ƙara cin abinci ba, kafin mako ya zagayo ya bi ɗan'uwansa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce in haƙa rami a gindin zogalen bayan ɗaki in sa shi. Da na dawo ina wanke hannu sai ta ce Malam, shekara da shekaru ina yi maka biyayya ban taɓa ƙin maganarka ba, abu ɗaya aka kawo aka ce nawa ne, shi ma sai da ka nuna ka fi kowa sani. Ta faɗa a hankali, ba faɗa ba tsawa.

Yaron ya ji labari daga bakin ƙanwarsa. Bai ce mini komai ba, kuma na san ba zai ce ba, kunyar da ta hana ni tambayarsa ita ta hana shi tuhumata. Ya aiko cewa zai kawo wasu. Ta ce a gaya masa Allah ya yi masa albarka, amma kada ya kawo, ba za ta iya kwanciya ta sake kallon abu mai rai yana ƙarewa a gabanta ba. Ta sa aka fitar da akwatin. Tana nan da rai har yanzu, alhamdu lillahi, tana amsa gaisuwata, tana cin abin da aka ba ta. Amma ba ta sake kirana in zo in ga wani abu ba. Na nemi gafararta ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe, sai dai yafiya ba ta maido mata da abin da take tashi dominsa da safe ba.

Abin da na karanta a kan tsarki gaskiya ne, ban yi shakkarsa ba ko sau ɗaya. Hukuncin ruwan alwala ne, ni na ɗauke shi na kai inda ba a aike shi ba. Ina kira ga duk wanda zai ajiye irin waɗannan dabbobi ya sani amana ce, za a tambaye shi. Ya bar injin yana aiki, ya ɗauraye soson a ruwan akwatin, ya rage ruwa kaɗan-kaɗan, kada sabuni ko jabel su kusance su, ya ba su fitilar da ta dace ko ya fitar da su rana. In ba zai iya ba, ya bar su a tafkinsu. Ga 'yan'uwana dattawa kuma, musamman waɗanda aka saba yi wa tambaya, ina cewa mu ji tsoron ranar da za a faɗa mana abu mu amsa da to, alhali mun riga mun ƙi. Idan ɗanka ya durƙusa yana yi maka bayani, ɗaga kai ka dube shi, ka tambaye shi abin da ba ka gane ba. Ni ban ɗaga ba, kuma wadda ta biya ita ce wadda ba ta iya tashi.