Ranar da na kai Baba ganin damisa

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, na ɗauko mahaifina daga gida na kawo shi wurina a ƙasar waje, a unguwar Parkchester. Tsohon mafarauci ne, rabin rayuwarsa a daji ya yi ta. Ni kuwa uwar 'yan tsoro! Kullum zan fita aiki sai na jera masa abinci, na kunna talabijin, na kulle ƙofa na tafi da makulli. Ba ya jin Turanci, kuma gani nake in ya shiga jirgin ƙasan garin nan, shi ke nan na rasa uba.

Cikin wata uku Baba ya rame, ya daina hira. Na kai shi asibiti, aka ce lafiyarsa ƙalau. Wata abokiyar aikina ce ta ce, "Ke ma dai! Ba maharbi ba ne? Kai shi gidan zu ya ga namun daji mana."

Ran Lahadi muka tafi. Ina gaba ina ta zuba, wai ni ce zan koya wa mafarauci halin dabbobi. Da muka isa wurin damisar Indiya, mai ratsin baƙi da ruwan goro, na ce, "Baba, ka taɓa ganin irin wannan?" Ya nemi benci ya zauna. Jama'a na ta ɗaukar hoto ta bayan gilashi, shi kuwa ƙasa yake kallo.

Can ya ce, "Zo nan, 'yar nan. Dubi inda take takawa."

Wata siririyar hanya ce daga gindin dutse zuwa gilashin, ciyawar wurin duk ta mutu.

Ya ce, "Ba yunwa take ji ba, ga ta nan ɓul-ɓul. Masu kiwonta suna sonta. Amma dabbar da kullum take taka sawunta na jiya, ta daina neman komai a duniya."

Na ce, "Allah sarki."

Bai ko juyo ba ya ce, "Daga gadona zuwa tagarki taku tara ne. In na bi ta kicin, goma sha biyu."

Wallahi kunya ta kama ni, na tsaya cikin mutane ina share hawaye da gefen mayafi.

Washegari na yanka masa makulli, na rubuta adireshinmu ya soke a hula. Satin farko kuwa ya ɓata, wani direban tasi ɗan Ghana ya dawo da shi suna ta dariya. Daga baya da kansa ya gano wani masallaci a unguwar Harlem, ya yi abokai, ya maida jiki.

Da na zauna na yi tunani, ashe ba shi nake tsarewa ba, hankalina nake kwantarwa. Tsoron kuma bai bar ni ba. Har yau in la'asar ta wuce bai dawo ba, sai in ɗauki waya, in kalli lambarsa, in ajiye.