Likitan Da Ya Hana Mu Taka Ƙasa

Ranar Talata, tara ga wannan wata, ina zaune a bencin asibiti da ƙafata naɗe cikin bandeji, nas ta fito daga ɗakinka, Likita, ba ta kira sunan kowa ba. Ta dafa ƙofa ta ce Likita ya yanke jiki ya faɗi a gida da safe, zuciya ce, kafin a iso da shi rai ya yi halinsa. Mu duka na Allah ne, wurinSa kuma za a mayar da mu. Bencin cike yake da masu sanduna da masu keken guragu, amma babu wanda ya motsa. Ina za mu je?

Likita, mu masu ciwon suga Cire-Biyu muke kiranka a bayan idonka, na kuma san ka sani. Ko ƙafa ɗaya ce ta kawo mutum, sai ka ce, "Cire takalman, duka biyun." Ka jawo 'yar gajeriyar kujerarka ka zauna ƙasa da mu, ka ɗora ƙafar a cinyarka. Kafin ka duba ta ma, sai ka zura hannu cikin takalmin kana lalube. A nawa ka zaro allurar ɗinki. Yini na yi ina takawa a kanta ban sani ba, don ciwon ya riga ya kashe mini tafin ƙafa.

"Yaya," ka ce, "ɗinkin ne har cikin takalmi? Ƙafar nan ta daina kawo miki ƙara, ke za ki riƙa bincikarta."

Hudar allurar nan ce ta zama gyambon da ya ƙi warkewa. Da wannan ƙafar ta dama nake taka keken ɗinki, da ita na raini marayuna. Da likitocin tiyata suka ga hoton ƙashin suka ce a yanke daga ƙasan gwiwa, kai ne ka ce a ba ka lokaci. Kowane mako kana kankare mataccen naman da 'yar wuƙarka. Warin da 'ya'yan cikina ke kau da kai saboda shi, ban taɓa ganin ya sa ka yamutsa fuska ba. Ba ka yi mini daɗin baki ba. Cewa ka yi, "Ba ni da tabbas, amma ban sallama ba." Da wannan maganar nake samun barci.

Faɗanka kuwa ba a magana. Dokarka ita ce kada mu kuskura mu taka ƙasa ba takalmi, ko a ɗaki, ko zuwa banɗaki. Wani tsohon direba ya zo da ƙuna a tafin ƙafa don ya taka siminti da rana tsaka. Ka wanke shi tas har muna jiyowa daga waje, sannan ka fito riƙe da hannunsa har bakin mota.

Da muka je gidanka gaisuwa, mun tarar da takalman jama'a jere a bakin ƙofa. Muka yi cirko-cirko da namu manya masu kauri, waɗanda ka sa aka yi mana. Direban nan ya sunkuya da ƙyar zai kwance igiya, sai maiɗakinka ta hango mu, ta taso idanunta jajur.

"Baba, bar shi," ta ce. "Ku shigo da takalmanku. Da yana nan, ni zai yi wa faɗa."

Haka muka tattake mata shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya. A nan kukan da nake dannewa ya ƙwace mini.

Jiya na koma asibiti. Likitan da aka ba ɗakinka mutumin kirki ne, ba ni da ƙorafi a kansa. Ya kwance bandejin, ya ce baƙin da ƙafar ta yi ya haura idon sawu, ƙarin jira wasa da rai ne. Na san gaskiya ya faɗa, wataƙila da kana raye kai ma abin da za ka ce ke nan. Amma daga bakinka na so in ji, don kai idan ka ce ka sallama, na san babu sauran dabara. Ranar Litinin za a yanke. Tsoro nake ji, Likita, ba zan ɓoye maka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da ma'aikatan ɗakinka, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka makwanci. Yadda ka durƙusa gaban ƙafafunmu ba ƙyama, Allah Ya tabbatar da dugaduganka a kan siraɗi.

Yau da safe na zura hannu na laluba takalmana kamar yadda ka koya mini, na sa duka biyun. Daga Litinin ɗaya zan riƙa dubawa.