Ruwa a Ɗakin Waken Hajiya Asabe

Har yau ban manta da ranar da ruwan famfo ya dawo unguwarmu a Kontagora ba, domin ranar ce na fara yin aiki ni kaɗai, babu oga a kaina. Ku da kuke koyo a hannuna kun sha tambayata yadda aka yi mace ta samu gindin zama a gyaran famfo. To, ga inda abin ya faro.

A lokacin ina shekarata ta ƙarshe ta koyo a shagon Oga Garba. Ga wanda bai san tsarin ba, mai koyo yakan fara da ɗaukar jakar kayan aiki da haƙa rami. Daga nan a bar shi ya yanka bututu ya shafa gam, sai can gaba a bar shi ya haɗa layin bututu, oga na tsaye yana kallo. Abu biyu ne ba a yarda ya yi ba sai an yaye shi: karɓar aiki da kansa, da yanka wa mai gida kuɗi. Ni na kai matakin haɗa layi, amma ban taɓa buɗe baki na faɗi farashi ba.

Unguwar ta yi shekaru famfo bai kawo ruwa ba. Masu hali sun haƙa burtsatse, sauranmu muna saye a wurin 'yan garuwa. Mutane har sun manta inda bututansu suka bi, wasu ma sun yi gini a kai. Wata Laraba da hantsi, bayan an gama girbin wake, sai famfuna suka fara tari, suna feso iska da jan ruwa, can kuma ruwa ya ɓalle da ƙarfinsa. Kan ka ce me, unguwa ta rikice da murna. Mata na gudu da bokitai da robobi, yara sun tuɓe riguna suna tsalle a ƙarƙashin famfon bakin masallaci. Ni ma na fito ƙofar shago ina dariya, don Oga ya tafi Mashegu aikin tanki tun asuba da sauran ma'aikata, ni aka bari gadi.

Ina tsaye sai ga Maman Bulus a guje, zaninta a jiƙe har gwiwa. Dattijuwa ce 'yar Rijau, ta daɗe a unguwar tana sayar da ƙosai.

"Rabi, ɗauko kayanki. Ruwa na fitowa daga ƙasa a gidan Hajiya Asabe, a ɗakin wake."

"Mama, Oga ba ya nan."

"Ba Oga na zo nema ba. Matar tana takaba, ba ta son maza su cika mata gida. Ke ce daidai."

Kowa a unguwar ya san mijin Hajiya Asabe, ɗan kasuwar hatsi ne mai zuwa Salka sari, bai daɗe da rasuwa ba. Waken da ya tara a ɗakin nan kafin ya kwanta ciwo, shi ne abin da ya bar mata da 'ya'yanta, tana jiran ya yi daraja ta sayar. Wake kuwa in ya sha ruwa ya kumbura, sai ruɓa.

Na kira Oga a waya. Da ƙyar layin ya shiga. Ya saurare ni, ya ce, "Ko na taso yanzu ba zan iso ba sai yamma. Je ki. Ki fara kashe ruwan kafin ki taɓa komai."

"Oga, in ta tambayi kuɗi fa?"

"Kin san kuɗin kaya kamar yadda na sani. Faɗa mata gaskiya."

Ban san lokacin da na saɓi jaka ba. Ga tsoro, ga wani irin daɗi da ban taɓa ji ba.

Mun tarar da Hajiya Asabe tsaye a cikin ɗakin, ruwa ya rufe mata idon sawu, ta rungumi buhu tana ja, buhun ko motsi bai yi ba. Daɓen simintin ya tsage daga kusurwa, ruwa na ɓulɓulowa kamar idon rijiya. Nan na gane tsohon bututun ƙarfe ne ya bi ta ƙarƙashin ɗakin, tsatsa ta cinye shi a shekarun da ya zauna babu ruwa, yau da ƙarfin ruwa ya zo sai ya fashe.

"Hajiya, ina makullin ruwan gidan?"

Ta dube ni, idonta ya kawo hawaye. "Wallahi ban sani ba, ƙanwata. Alhaji ne ya san waɗannan abubuwa. Ni dai buɗe famfo na sani."

Kowane gida da aka ja wa ruwa yana da makulli a inda bututunsa ya rabu da babban layi. In ba a murɗe shi ba, duk abin da za ka yi a ciki wahalar banza ce. Na zagaya bangon waje, ban ga alamarsa ba, don an sha zuba jar ƙasa a layin har hanya ta tashi.

Maman Bulus ba ta tsaya jirana ba. Ta leƙa titi ta ɗaga murya ta kira matan da ke layin ɗiban ruwa. Matan nan da suka yi shekaru suna jiran wannan rana suka ajiye bokitansu a bakin famfo suka shigo. Huɗu-huɗu suke kama buhu, suna nishi, suna dariya in wata ta zame, suna jibgewa a kan tabarmi a tsakar gida. Wasu kuma suka sa kwanoni suna kwashe ruwan suna watsawa waje.

Sannan Maman Bulus ta dawo wurina, ta tsaya tana kallon bangon, tana taɓa haɓa.

"Rana ɗaya aka ja mana ruwa, mu da su. Baban Bulus da Alhaji ne suka haɗa kuɗi. Na tuna Alhaji ya dasa dalbejiya kusa da wurin don kada a manta."

Dalbejiyar kuwa ta zama ƙatuwa, har masu babur na hutawa a inuwarta. Na ari diga a maƙwabta na fara haƙa tsakanin gindinta da bango. Saiwoyi suka tare ni, na sa adda na sare. Gumi na shiga mini ido, masu babur sun taso sun kewaye ni, kowa da shawararsa. Can sai digar ta daki ƙarfe. Na durƙusa na tona da hannu, sai ga kan makullin, ja wur da tsatsa.

Na sa sifana, ya ƙi motsi. A nan ne haɗarin yake: in ka matsa wa tsohon makulli da ƙarfin tsiya, wuyansa na iya karyewa, daga nan kuma babu mai tsayar da ruwan sai an rufe na unguwa gaba ɗaya, a ranar da mutane suke murnar samunsa. Na roƙi baƙin mai a wurin wani mai babur, na zuba, na riƙa ƙwanƙwasa gefen da guduma a hankali. Na zura guntun bututu a hannun sifanar don ya ƙara tsawo, na ce Maman Bulus ta dafa tare da ni, kada ta fizga. Muka danna. Ya yi ƙara, ya ɗan gusa. Na mayar da shi baya, na ƙara mai, muka sake. A hankali ya fara juyawa, har ya kai ƙarshe.

Daga cikin gida muka ji wata ta ce ruwan ya tsaya, sai guɗa ta tashi. Na zauna a bakin ramin, hannuwana duk baƙin mai, ina dariya ni kaɗai.

Buhunan da ke jerin ƙasa ne kawai suka jiƙe, su ma ta gindi. Aka farke su aka shanya waken a rana. Wanda ya riga ya sha ruwa sosai, Maman Bulus ta ce a auna mata, ta saya, gobe da ma sai ta jiƙa wake.

Da hankali ya kwanta, Hajiya Asabe ta kira ni rumfa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yanzu gyaran nan, zai ci gida ne?" Na gane ba ta taɓa biyan mai gyara da hannunta ba, kuma tana tsammanin za a faɗi abin da zai sa ta sayar da rabin waken.

Na ce mata hanya biyu ce. Ko a fasa daɓen ɗakin a bi tsohon bututun a canza shi, wanda zai ja kuɗin birkila da siminti da yashi, kuma ɗakin ba zai shigu ba sai ya bushe. Ko kuma a yanke tsohon daga bakin makulli a bar shi a ƙasa ya mutu, a ja sabon na roba ta gefen katanga har zuwa famfon tsakar gida, a toshe tsagar ɗakin kawai. Na faɗa mata kuɗin kowanne, na ware na kaya daban, na hannu daban. Na biyun bai kai kuɗin buhun wake ɗaya ba.

Ta ɗago kai. "Roba a gidan da ke da awaki? Ga rana kuma."

"Za mu binne shi, Hajiya, amma ba zurfi, kuma a bin katanga, inda ba za a yi gini ba."

Sai ta ce, "To wannan makullin na waje, ni ba zan iya zuwa gindin bishiya ina haƙa ba. Ba a iya sa mini wani a nan ciki, inda hannuna zai kai?"

Gaskiya ban yi wannan tunanin ba. Na ce ana iyawa, ƙarin kuɗin kaɗan ne. Ta ce a sa. Da yake ba ta fita, ta ba Maman Bulus kuɗin, muka tafi kasuwa tare, muka dawo da kaya a keke mai ƙafa uku. Hajiya ta ɗauki kowane abu ta juya shi, ta tambayi sunansa da amfaninsa.

Kafin la'asar na gama haɗa layin. Na jira gam ya kama, na fita na buɗe na waje, na dawo na ce ta zo ta buɗe nata da kanta. Ta kama jan hannun makullin ta juya. Famfon ya yi tari, ya tofar da iska, ruwa ya zubo fari tas. Ta rufe, ya tsaya. Ta sake buɗewa. Sai ta yi murmushi, wanda Maman Bulus ta ce rabon da ta gan shi tun kafin rasuwar. Matan da suka bar layinsu don su taimaka, Hajiya ta ce su kawo bokitansu su cika a nan.

Washegari Oga ya nemi izini ya shiga, ya bi layin yana shafa kowane haɗi da yatsa. Bai samu ɗigo ba. Ya tsaya a kan sabon makullin ya ce, "Wannan fa?" Na ce mai gidan ce ta nema. Ya gyaɗa kai. A hanyar komawa shago ya ce, "Daga yau, duk gidan da mata suka kira, naki ne." Kafin wata ya ƙare kuwa kira ya fi ƙarfina, don gidaje da yawa sun fashe a ranar, kuma labari ya zaga cewa akwai mace mai gyara da ke faɗin kuɗi dalla-dalla.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mai gida da ruwa ya fashe masa tsoro biyu yake ji: na ruwan, da na abin da za ku ce ya biya. Ku kashe ruwan tukuna, sannan ku zauna ku yi masa bayani yadda zai zaɓa da kansa. Kuma ku saurare shi, don shi zai kwana a gidan bayan kun tafi. Shi ya sa a shagon nan, ko kan famfo kuka je canzawa, ba ku fitowa sai kun kama hannun mai gidan kun ɗora a kan makullin ruwansa, ya murɗa kun gani.