Man Kawu da Fuskar Inna

Ni ban taɓa cewa buga hoton mamaci a riga addini ne ba. Al'adar Tonawa ce, wato Asantawa maƙwabtanmu, mu 'yan Zango muka gani muka ɗauka, kamar yadda muka ɗauki fufu. Malamai su yi ta faɗa a kai ranar Juma'a, ranar Lahadi kuma ka ga matansu a sahun gaba sanye da rigar. To da Inna ta rasu, matar kawuna wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe, ƙungiyar matan unguwarmu a Moshi Zango ta yanke cewa ranar addu'ar arba'in kowa zai sa riga mai fuskarta. Wa zai buga? Ni mana. Ni ce mai shago, ni ce mai inji, kuma ba ni da bakin cewa a'a. Ban ma so in ce ba. Ina son a ga fuskar matar nan tsaf, yadda na san ta.

Injin nawa irin mai fesa tawada ne kai tsaye a jikin riga. Ka shimfiɗa riga a faranti, farantin ya shige ciki, kan injin ya yi ta kai-komo yana zana hoton layi-layi. Mafaɗaci ne. In ba a girgiza farar tawada kullum ba sai ta kwanta ta toshe, in aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki sai ya yi yaji. Amma na san halinsa, muna zaune lafiya.

Ranar da na buga rigar gwaji, Inna ta fito da ido huɗu. Hanci biyu, baki biyu, mayafinta ya goce gefe kamar ana ja. Na sake bugawa, haka. Na wanke kan injin, na gwada layukan tawada, kowane launi na fita ras. Na canza hoto na sa ƙwallon ƙafa, ita ma ta fito biyu.

Tsautsayi ya sa magajiyar ƙungiyar ta shigo ina riƙe da rigar. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Asokore Mampong. Wata ta ce marigayiyar ce ba ta son hoton, a nemo wanda ta ɗauka a Makka. Wani ya ce ai dama sun faɗa, hoto haramun ne, ga ishara nan ƙiri-ƙiri, alhali shi ne ya fara aiko da girman rigarsa. Magajiya kuwa ta kawo kasko ta turara mini shagon har sai da na daina ganin ƙofa, ta ce in ma ido ne ya kama injin zai saki. Babu wanda ya tambayi abin da ƙwallon ƙafa ta yi da ita ma ta fito biyu.

Na kira mai gyara a Ankara, babban birnin ƙasarmu, na haska masa cikin injin da waya. Ya sa na buɗe nan na rufe can, sannan ya ce in duba wata siririyar leda garai-garai da ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan a bayan kan injin. A jikinta akwai 'yan layuka da ido ba ya gani, su kan injin yake karantawa ya san inda ya kai. In ta yi datti sai ya rikice, ya zana abu ɗaya a wuri biyu. Na goge ta da tsumma mai laushi, tsumman ya fito rawaya. Na buga, Inna ta fito da idonta biyu da 'yar tsagar nan ta kumatunta. Na zauna na yi kukana na share.

Washegari ido huɗu ya dawo.

A nan ne Kawu ya shigo maganar. Tun bayan addu'ar bakwai, da masu gaisuwa suka janye gidan ya yi masa faɗi, ya fara zuwa shagona da safe. Nakan bar masa tsaro in kai yara makaranta. Duk rayuwarsa gyaran keken ɗinki ya yi a kasuwa, har teloli suka koma na lantarki suka daina nemansa. Aƙidarsa ɗaya ce a duniya, cewa babu ciwon ƙarfe da mai ba ya warkarwa. Ƙofar gidanmu, fanka, kwaɗon akwati, almakashin Inna, duk sun sha. Da muna yara muna zolaya cewa in ka yi tari a gabansa zai ɗiga maka a maƙogwaro.

Rannan na manta waya na dawo daga hanya. Na tarar da shi ya ɗage murfin injin, ya sa tabarau, yana bin ledar nan da bakin 'yar kwalbarsa ta man keke daga farko har ƙarshe, yana bisimilla.

Ya ɗago ya ce, “Yauwa 'yata. Wanda ya sayar miki da abin nan mugu ne. A bushe yake ƙamas. Tun da na fara zuwa nake taimaka masa.”

Na ce, “Sannu Kawu. Allah ya saka.”

Me zan ce? A Zango ba a ce wa babba ya yi kuskure. Kewayawa ake yi, a bi ta bayan gida, a aika wani ya aika wani. Balle mutumin da ya binne matarsa kwanan nan. Na fara da dabara. Na ce, “Kawu, wannan injin na zamani ne, ba ya cin mai.” Ya ce ƙarfe ƙarfe ne, Bature ne kawai yake canza masa riga. Na ɓoye kwalbar, ya zo da wata. Na kulle murfin da salatif, ya ɓare ya mayar da kyau, har ya yi mini faɗa cewa ina hana abin shan iska.

Sai muka shiga wani irin zama. Ya ɗiga da safe, ya tafi azahar, in goge, in buga 'yan riguna. Ya dawo ya gan su sun fito fes, ya gyaɗa kai. A masallaci ya ba da labari cewa injin da ya gagari ɗan Ankara shi ya tayar da shi. Har wani mai fotokofi daga unguwar Atonsu ya aiko a tambaya ko Kawu zai leƙa nasa. Raina na tafasa, amma wallahi rabon da in ga ya yi tafiya da sauri haka tun kafin Inna ta kwanta.

Mai gyaran ne ya katse mana wasan. Da na sake haska masa ledar ya ce, “Madam, kin kusa goge layukan. In ta mutu sai an yi odar wata daga waje, kuma ba za ta iso kafin addu'arku ba.” Rigunan ko rabi ban kai ba. Magajiya na aiko mini da saƙo safe da yamma, kowane da sallama mai tsawo da barazana a ƙarshe. Na nemi wanda zai yi wa Kawu magana. Limami ya ce abin na cikin gida ne. Yayana ya ce ai ni ce 'yar gaban goshin Kawu, ya kashe waya.

Da safe na haɗa yara da maƙwabciya ta kai su makaranta, na zauna. Kawu ya zo, ya yi sallama, ya ɗiga mansa ina kallo ban hana ba. Na ce, “Kawu, zauna mu buga ɗaya tare.” Bai taɓa ganin na ido huɗun ba, don duk na tura su ƙasan tebur. Faranti ya shiga ya fito. Kawu ya karɓi rigar mai ido huɗu ya matsa bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

Na ɗage murfin injin. Na ɗauki farin tsumma na bi ledar a hankali, na ajiye shi a gabansa. Ya ɗauka ya shinshina. Mutumin da ya shekara da shekaru yana aiki da man keke ba sai an gaya masa warinsa ba. Na shimfiɗa wata rigar na danna. Muka tsaya muna kallon kan injin yana kai-komo, goshi ya fito, ido biyu, tsagar kumatu, murmushin da take yi in ta kama ka da laifi.

Ya ce, “Ashe ni nake ɓata mata fuska.”

Na ce, “Kawu, ai niyyarka...”

Ya ɗaga mini hannu. “Kin daɗe da sani?”

Na ce e. Na jira faɗa, don na fi son faɗan. Bai yi ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin injin, da Magajiya, da duk wanda ya fara kawo al'adar rigar nan Zango.

Na ciro rigar na gasa ta a injin guga don tawadar ta kama, na miƙa masa. Ya miƙo hannu, sai ya dubi yatsunsa ya janye. Ya fita bakin famfo ya wanke da sabulu, ya shinshina, ya sake wankewa, ya goge a jikin babbar rigarsa. Sannan ya dawo ya karɓe ta da hannu biyu.

Ya ce, “Buga sauran. Ni zan riƙa naɗewa.”