Layun Malam Tukur

Duk wanda ya koyar a makarantarmu ta wajen Runka ya san Malam Tukur da aljihu cike da takardu a nannaɗe. Ana tashi zai shimfiɗa kwalin da ya zana daji a kai, ya fito da ƙwayar lido. Kowa da jaruminsa. Shi ke ba da labari, kai ka faɗi abin da naka zai yi, ƙwaya ta yanke hukunci. Takardun nan su ne layun wasan, da gyaɗa ake saye, ka karanta sau ɗaya ya yage. Lokacin 'yan bindiga sun hana noma, malamai na ta gudu, ni kuma kullum ina roƙonsa mu nemi canjin wurin aiki tare. Ko a jikinsa!

Ragi a farashin layu kuwa, haram. Da fetur ya tashi, layar kiran ruwa ta koma gyaɗa talatin daga goma.

Na ce, "Haba Malam! Aljanun ma fetur suke sha?"

Ya ce, "To a ƙasa kake so su zo, Lawal? Hanyar ba kyau."

Wata rana liman ya leƙo fuska a murtuke, wai an ce ana tsafi a makaranta. Malam Tukur ya miƙa masa laya guda. A bayan tsofaffin takardun jarrabawa yake rubuta su, don bai taɓa sayen takarda ba.

"Allah gafarta Malam, juya bayanta. In da tsafi a ciki, yaron nan zai ci sifiri?"

Liman ya yi dariya har ya zauna aka yi wasan da shi. Kafin la'asar kura ta cinye jaruminsa.

Da aka kwashe mutane a ƙauyen da ke bayanmu, na same shi raina a ɓace.

"Yara nawa suka rage, Malam? Bakwai fa! Don Allah mu tafi."

"Bakwai ba mutane ba ne? In na tafi, kai za ka koya masu?"

Ni kuwa takardar canjina na aljihu.

Ranar tafiyata ya rako ni tasha, ya damƙa mini layar zana, mai ɓoye jarumi daga idon maƙiyi, wadda tsadarta ta hana kowa saye.

"Nawa?"

"Kyauta. Kada ka gaya wa kowa, kasuwa za ta lalace."

Sai a mota na warware ta. Babu sihiri ko ɗaya. Ya rubuta: "Ka yi daidai. Kada ka dawo."

Ba a yi wata ba 'yan bindiga suka tare shi a hanyar makaranta, bisa mashin ɗinsa. Yanzu awaki ke kwana a ajinsa, kuma har yau ina jin kunyar numfashin da nake yi a birnin Katsina.

Allah Ka jiƙan Malam Tukur, Ka haskaka kabarinsa. Yaran nan bakwai, duk inda suka watsu, Ka ɓoye su daga idon azzalumai.