Ba'ana Mai Ƙaro da Wutar Sojoji

Duk unguwar Mafoni ba wanda ya kai Ba'ana mai ƙaro taurin kai. Shekara ashirin katangarmu ɗaya da shi, don haka na fi kowa sani. Ɗan makiyaya ne. Annoba ta share shanun ubansa tun yana saurayi, ya shigo Maiduguri daga shi sai sanda, ya yi dako, ya yi dillancin awaki, duk ba su karɓe shi ba. Abin da ya zaunar da shi wasu itatuwan dakwara ne guda saba'in a bayan gari. Idan ruwa ya ɗauke sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɓare ɗan ɓawo, ya jira sati biyar ƙaro ya tsatso ya daskare, ya tsinko ya kai Kasuwar Litinin. Mukan tsokane shi cewa ya fi sanin lafiyar itatuwan nan a kan ta 'ya'yansa. Bai taɓa musu ba.

Da yaƙin Turawa ya yi zafi, sai aka kawo sojoji suna koyon harbi a wani fili gabas da itatuwan. Tsakaninsu kuwa busasshiyar gamba ce, ta fi mutum tsayi, wadda Ba'ana yake tanadi don saƙa zana. Ranar harbi sojoji sukan kafa jar tuta, kowa ya gani ya sake hanya. Ban da Ba'ana. Shi tsayawa yake ya ga inda iska take kaɗa ta. Sau uku yana zuwa wajen babbansu, Saje Ya'akubu, wani Bakano mai gashin baki, yana gaya masa harsashin nan nasu mai jan wuta zai jawo magana. Saje ya ce shi umarni aka ba shi, ba ruwansa da iska.

Ranar da abin ya faru ina wurin da hantsi, na je ya yankar mini gamba. Bindiga ta ɓarke, kafin ka ce kwabo hayaƙi ya turnuƙe. Iska ta kwaso wutar ta nufo itatuwan, ga ƙaro saura kwana uku a tsinka. Ni dai, ba ɓoye-ɓoye, na tattare riga zan ranta a na kare. Ba'ana kuwa ya zabura zuwa wata 'yar hanyar shanu da ta raba gambar da itatuwan, ya ƙyasta ashana, ya cinna wa ciyawarsa da hannunsa. Ya kunna dami, yana gudu yana jan wuta a bakin hanyar, tsoho mai furfura, sai ka ce ɗan shekara ashirin.

Saje ya iso a guje da mutanensa, ya cafki wuyan rigarsa.

"Baba, ka haukace ne? Muna neman kashe ɗaya kana kunna ta biyu?"

"Sake ni, Saje! Wuta ba ta cin abin da 'yar'uwarta ta riga ta cinye. Sa yaranka su karyo ganye su tsare mini hanyar nan."

Saje ya dubi wutar Ba'ana tana rarrafe tana komawa gabas, ta bar baƙar ƙasa a bayanta. Ashe shi ma ɗan manomi ne. Ya sake shi, ya busa usur. Sojoji talatin suka jeru da rassa, duk tartsatsin da ya tsallako hanya sai su rufar masa da duka, Ba'ana yana ba su oda da Hausa da Barbarci a cakuɗe, suna amsawa. Ni ma aka cusa mini reshe. Wallahi ban taɓa jin tsoro da daɗi sun haɗu a cikina kamar ranar ba.

Wutar nan biyu suka yi karo, suka miƙe sama da ƙara har muka ja da baya, sannan suka lafa, don ba abin ci.

Gamba ta tafi kaf. Tara daga itatuwan gefe sun babbake. Ba'ana ya kutsa cikin sauran yana dafa su yana ƙirgawa da ƙarfi, yana dariya, hawaye na wanke tokar fuskarsa. Da ya kai sittin da ɗaya sai ya zube zaune. A nan muka ga tafin ƙafafunsa duk sun saluɓe, shi bai ma sani ba.

Sojoji huɗu suka ɗauke shi a kafaɗa za su kai shi Mafoni. Ba su yi taku goma ba ya ce su tsaya su juya shi, shi da baya zai shiga gari, yana kallon itatuwansa.