Wurin Birgimar Kajin Mariyama

Mariyama ta zo Yamai daga wani ƙauye na ƙasar Dogonduci a shekarar da aka sami ƴancin kai, tare da mijinta Halidu, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da kaza guda mai wake-wake da uwarta ta ba ta. Suka kama ɗaki a wani gidan haya can bayan Babbar Kasuwa. Tsakar gidan marmara ce zalla, ja, mai tauri. Ko turken akuya ba ya shiga.

Da ta haifi ɗanta na fari, Isaka, sai da Halidu ya aro dagi ya yini yana sara a gindin katanga kafin a sami ramin da ungozoma za ta binne mabiyiya. Ya ciko ramin da ƙasar bakin kogi. A nan Mariyama ta yi ta zubar da ruwan wankan jego, har wurin ya yi laushi. Faɗinsa bai fi tabarmar salla ba, kuma duk gidan babu wata ƙasa mai taushi sai shi.

Ƙyanda ta ɗauke yaron kafin a yaye shi. Bayan damina biyu kamiyon Halidu ya kife a hanyar Gaya, ya rasu. Mariyama ba ta koma gida ba. Kazar nan ta riga ta yi ƴaƴa da jikoki, kuma da ƙwansu take ci. Kowace safiya takan kai wa masu shayin bakin kasuwa.

Kaji kuwa ba su da wurin tono da birgima sai gindin katangar nan. Wata rana ta fito ta tarar sun yi rami mai zurfi, zakara yana ta watsa ƙasa da ƙafa. Ta kore su da tsintsiya, ta kwaso duwatsu ta jere a kan wurin, ba ta bar ko kafa ba.

Kadi, Bazabarmiyar da ke ɗakin kusa, mai tuyar ƙosai, ta tsaya tana kallo.

"Yaya Mariyama, kabarin ai yana maƙabarta. Nan ba kowa."

"Na sani."

"To kajinki a ina za su yi wanka? Ko faranti za ki aje musu da sabulu, kamar matan komi masu aikin ofis?"

Mariyama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Cibiyar yaron ce." Ko bayan rasuwarsa ba ta kama sunansa, don ɗan fari ne.

Ta gwada ɗebo rairayi a kwano daga ƙorama. Ruwan farko ya wanke shi daga kan marmara ya fitar ta rariya. Ta zuba toka, iska ta kwashe. Waje kuma ba ta iya sakinsu, ga motoci, ga karnuka. Ƙuma ta cika akurki. Kajin suka yi ta tsigar jikinsu, tororinsu ya yi fari, ƙwai ya ragu har ya ƙare. Mai kwanci ta tashi ta bar ƙwanta ya yi sanyi. Ƴan tsaki suka fara mutuwa, sannan manya. Masu shayi suka koma wajen wata.

Ranar da ta fitar da gawar mai wake-waken ta jefar a juji, kaji biyu suka rage mata. Kadi ta miƙo mata ƙosai a ganye.

Da la'asar Mariyama ta durƙusa a gindin katanga ta ɗauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar tana nan da laushinta. Kajin suka matso a hankali, suka tona, suka kwanta suna birgima, ƙura na tashi. Ta juya musu baya ta zauna, ta jawo faifai tana tsince tsakuwa daga gero.

Har yau tana gidan. Idan kaji suka nufi katanga, ɗaki take shiga.